Murhun pelet ɗina yana cin buhu kamar me, gilashi kuma baƙi ƙirin

Baƙon_Sanyi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman taimakon waɗanda suka saba da murhun nan na ɗumama gida mai cin pelet, wato ƙwayoyin garin katako ɗin nan da ake matsewa. Wannan ne hunturuna na farko da shi. Ina saka ƙarfin wutarsa a lamba 4 cikin 5 saboda yara, amma buhu mai kilo 15 kafin dare ya ƙare, kuma falon bai wani ɗumi yadda nake so ba. Gilashin ƙofar in na goge da safe kafin azahar ya yi baƙi, wutar ja ce doguwa tana lilo a hankali kamar ta fitilar aci-balbal, pelet kuma yana taruwa a ɗan kaskon da wutar ke ci a ciki har ya kusa zubowa. Lambar zan ƙara ko me? Wlh abin ya dame ni.

Mai_Sukundireba:
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka ƙara lamba, ƙara dagula shi za ka yi. Duk abin da ka lissafa alamar abu ɗaya ce, wutarka ba ta samun isasshiyar iska. Ƙarfen nan mai murɗiya yana ta turo pelet, iskar da za ta cinye shi kuma ta yi kaɗan, shi ya sa yake ci rabi da rabi, sauran ya tafi a hayaƙi ya manne maka a gilashi.

Amma kafin ka taɓa saiti, kashe shi ya huce ka ciro kaskon ka ɗaga shi sama wajen haske. Akwai ƙananan huji a ƙasansa, ta nan iska ke shigowa, in ka ga toka ta daskare ta toshe su kamar dutse to ka kankare, ka bi kowane huji da ƙusa. Ka duba igiyar da ke zagaye da bakin ƙofa ma, ka saka takarda ka rufe ƙofar a kanta ka ja, in ta zame ba wuya igiyar ta mutu, iska tana shiga ta nan maimakon ta bi ta ƙarƙashin wuta.

Bayan nan sai ka kunna a lamba 2 ko 3, ka buɗe iskar kaɗan, ko ta marfin iska in naka mai hannu ne ko ta saitin fankar hayaƙi in a allo yake. Ka jira kamar minti 15 zuwa 20 kafin ka sake taɓa komai, wuta ba ta nuna halinta nan take. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa, in ka taɓa iska da pelet lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Wutar da kake nema rawaya ce mai haske, tana motsi da ƙarfi, tokarta fara-fara mai laushi.

Maman_Biyu:
Gaskiya ya faɗa maka, sai dai ka yi hattara kar ka wuce gona da iri kamar yadda na yi bara. Na buɗe iska sosai, wuta ta koma gajera tana huci, garwashi yana ta tsalle yana fita daga kasko, zafin duk ya bi bututu ya fice waje, cikin dare kuma ta mutu muka tashi muna rawar ɗari. Ni yanzu ƙasa-ƙasa nake barin nawa yana ci a hankali, ɗakin ya fi riƙe ɗumi kuma abin kunna wutar ba ya shan wahalar kashe-kunna. Fankar da ke huro zafi cikin ɗaki daban take da ta hayaƙi fa, ita ka ɗan ƙara ta.

Sannan a ina kake ajiye buhunan? Pelet mai kyau damshinsa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, in ya sha raɓa sai ya kumbura ya zama gari. Ɗauki ɗaya ka karya, in ya yi ƙas kuma yana sheƙi lafiya lau ne. In da tambarin ingancin pelet na ENplus A1 a jikin buhu ya fi ƙarancin toka. Duk sanda ka sauya kamfani kuma sai ka sake duba wutar.

Mai_Sukundireba:
Na manta, Malam, hayaƙin da kake yi yanzu yana tara kunkunniya a bututu, a samu mai gyara ya share shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Ka saka na'urar da ke ƙara in iskar kabon monoksaid ta taru, don ba ta da wari ba ta da launi, ga yara a gida. Kuma kar ka kashe shi ta hanyar zare filogi, danna maɓallin kashewa fanka ta gama fitar da hayaƙi.

Baƙon_Sanyi:
Allah ya saka da alheri. Na ciro kaskon, fiye da rabin hujin a toshe suke. Yanzu yana lamba 3, awa biyu kenan gilashi fes. Hajiya buhunan a ƙasan gareji suke kan siminti, gobe zan ɗora su kan katako in sha Allahu.