Yadda iyayenmu suke aikenmu da sadakar Sallah

Mai buɗe zance, daga Agege:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka tashi a Legas su ba mu labarin yadda ake tallafa wa yara marasa galihu a gidajensu lokacin Sallah. A gidanmu, daren jajiberin ƙaramar Sallah mahaifinmu yakan auna zakkar fidda kai, mudun Annabi huɗu ga kowane mutum, har da jaririn da ke goye. Mu yara ne muke ɗaukar ƙullin shinkafar, kuma sharaɗinsa shi ne mu kai kafin a tafi Idi, mu miƙa wa uwar marayu a cikin ɗakinta, kada mu tsaya a bakin ƙofa inda maƙwabta za su gani.

Wata 'yar'uwa, daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni abin da ya tsaya mini a rai atamfa ce. Ina da shekara 9, Inna ta ɗinka mana kaya iri ɗaya, ni da wata marainiya da muke zuwa Islamiyya tare, har da ɗankwali da takalmi. Muna cikin yawon Sallah sai na faɗa wa ƙawayenmu cewa mu ne muka saya mata. Yarinyar ba ta ce uffan ba, ta koma gida ta tuɓe kayan, ba ta sake fitowa ba a ranar. Inna ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta karɓe goron Sallar da na tara, ta tasa ƙeyata muka je na ba yarinyar haƙuri a gaban mahaifiyarta.

Wani dattijo, daga Ebute Metta:
Allah Ya saka wa Inna da alheri, 'yata. Mu babbar Sallah ce tamu, domin kason sadaka na naman layya Okobaba muke kaiwa, inda 'ya'yan makafi da guragu suke. Kakarmu ba ta yarda a kai shi ɗanye, tana cewa wanda bai da kuɗin kananzir ba zai iya dafawa ba, don haka sai an soya, an barbaɗa yaji, mu ɗauka a langa da sauran zafinsa.