Ya ake tsayar da tsarin rubuta kod idan kowa na sa hannu a aiki?

Dan_Barnawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da wani ɗan aiki a GitHub, shafin da ake ajiye kod a yi aiki tare, manhajar lissafin adashi ce da muka rubuta da yaren kod na Python, mun bar ta a buɗe duk mai so ya sa hannu. Masu turo gyara sun fara yawa alhamdulillah amma fa kowa da salonsa, wajen matsa layi ciki wani maɓallin tab yake dannawa wani tazara huɗu, wani kuma layinsa sai ka ja allo gefe kafin ka ga ƙarshensa. Ni ke dubawa, kuma wallahi lokacin da ya kamata in tabbatar lissafin kuɗin daidai ne duk yana tafiya wurin cewa matsa nan, rage can. Wani yaro mai ƙoƙari ma na cika yi masa gyara har ya daina turowa, abin ya dame ni sosai. Ku ya kuke yi?

MalamKawo:
Wa alaikumussalam. Malam ka daina wannan aikin da bakinka, na'ura za ka bar wa. Python na da PEP 8, ƙa'idar tsarin rubuta kod ɗinsa, tun 2001, tazara huɗu, layi kar ya wuce harafi 79, to amma ba wanda zai haddace. Ka sa Black, shi da kansa yake sake tsara fayil ɗin, nasa layin 88 ne kuma da gangan ba a ba shi zaɓuɓɓuka da yawa ba don kar a zauna musu. Sai ka haɗa shi da manhajar pre-commit ya rinƙa gyarawa kafin kwamit ya shiga, wato kafin a adana canjin da mutum ya yi, sannan GitHub Actions, mai duba aiki da kansa a GitHub, ya sake dubawa. Django ma, buɗaɗɗen aikin Python na gina shafukan intanet, da girmansa ya koma Black a 2022. Masu rubutu da yaren Go kuwa gofmt, nasu mai tsara kod, ya kashe musu wannan rigimar tun farko.

Ummu_Hanan:
Na yarda da Malam amma ba duka ba. Ku tuna su wa ke turo mana gyaran nan a Kaduna, ɗalibai ne da yawansu, mutum ya lallaɓa da ɗan data da ragowar cajin laftof ya turo aikinsa na farko sai ya ga GitHub Actions ya nuna masa jan alama da saƙon Turanci mai tsawo saboda tsari, gaskiya zai ɗauka korarsa aka yi. Ku sa pre-commit.ci, wato pre-commit ɗin da ke aiki a kan GitHub, kyauta ne ga buɗaɗɗen aiki kuma shi ke gyara tsarin ya tura da kansa, yaron bai ma san an yi ba. Kuma ku rubuta CONTRIBUTING.md, fayil ɗin da ke gaya wa sabo yadda ake sa hannu, da Hausa dan Allah, gajere.

Sannan akwai abin da Black ba ya taɓawa, sunaye. Wani zai rubuta kudin_mako wani weeklyAmount a fayil ɗaya. Python 3 na karɓar ƙ da ɗ a suna amma ba kowa ke da su a kibod ɗinsa ba, wajen nema ma wahala ce. Wannan dole ku zauna ku yanke, Hausa ko Turanci, ku rubuta.

Sadiq_TW:
Abu ɗaya kafin ka saki Black a kan duka aikin, ka fara haɗe gyare-gyaren da ke jira, in ba haka ba duk za su yi karo. Ka yi shi a kwamit guda ba tare da wani canji ba, ka sa lambar kwamit ɗin a fayil mai suna .git-blame-ignore-revs, GitHub na gane fayil ɗin, don kar git blame, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, ya nuna kamar kai ka rubuta kowane layi.

Dan_Barnawa:
Allah ya saka da alheri. Zan bi shawarar Yaya Ummu_Hanan kan pre-commit.ci, sunaye kuma Hausa muke so amma ba masu lanƙwasa, zan kawo maganar a gurup ɗinmu. Yaron nan ma zan kira shi yau in ba shi rubutun CONTRIBUTING ɗin, ya fi ni sanin inda sabo ke tuntuɓe.