Neman kalma: "potency" da "efficacy" a shirin magungunan kashe raɗaɗi

Mai Shirin Lafiya:
Assalamu alaikum. Jama'a ku agaza, gobe ƙarfe tara na safe za mu naɗi shiri. Likitar da na yi hira da ita da Turanci ta yi ta nanata cewa "potency" daban, "efficacy" daban, ni kuma duka biyun "ƙarfi" nake ta rubutawa. Misalin da ta bayar: fentanil ya ninka mofin sau 50 zuwa 100, amma ba wai ya fi shi kashe raɗaɗi ba ne, ɗan mitsitsi ne kawai yake yin aikin da mofin mai yawa zai yi. In na ce ƙarfi nan, na ce ƙarfi can, me na faɗa ke nan?

Ɗan Famasi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki yi hattara da ƙarfin nan. Mai sauraro na jin "ya fi ƙarfi", abin da zai shiga kunnensa "ya fi kyau". Alhali mai ciwon haƙori, ibufurofen miligiram 400 haɗe da farasitamol ya fi kodin yi masa aiki, kuma kodin ɗin ne ake wa kallon babba. "Potency" ki ce kaifi, "efficacy" kuma tasiri. Reza ta fi gatari kaifi, amma ba da ita ake sare itace ba.

Anti Nas:
Kaifi ya zauna daram. Mu dai a ɗakin jinya "maganin ya yi aiki" muke cewa, ban taɓa jin majinyaci ya ce tasiri ba.

Baba Mai Ƙamus:
Kun fara ko? Tasiri Larabci ne tsagwaronsa. Kullum aka rasa kalma sai a ruga aro, kamar harshenmu maraya ne. Ni na daɗe da ƙirƙiro tawa: kaɗan-ya-isa. A ce "kaɗan-ya-isan fentanil ya fi na mofin". Hausa ce zalla, kuma ga gargaɗi a cikinta.

Ɗan Famasi:
Allah ya gafarta Malam, in za a kori baƙi sai a fara da lafiya da allura, su ma daga Larabci suka zo. Asibiti da likita kuwa Turanci ne aka ɗaura wa rawani.

Baba Mai Ƙamus:
Waɗannan sun tsufa a gidan, sun zama 'yan gida. Ku da kuka yi karatun magani da Turanci, da Turanci kuke tunani, sannan ku zo kuna mana fassara da kayan aro.

Anti Nas:
Baba, a yi haƙuri, amma kaɗan-ya-isa kamar tallar sabulun wanki.

Baba Mai Ƙamus:
'Yata, dariya kike yi. A-kori-kura ma da aka fara faɗinta dariya aka yi, yau wa yake neman wani suna?

Malamar Nahawu:
Baba, ginin kalmar ba laifi, muna da irinsa da yawa. Matsalar a wajen ɗafa mata mallaka ne. "Kaɗan-ya-isansa ya fi kaɗan-ya-isan wancan", ka ce mai karanta labarai ya faɗi wannan sau uku bai sarƙe ba. Kaifi kuma yana karɓar komai: kaifinsa, mai kaifi, ya fi kaifi.

Wani abin da ban ji an taɓo ba. Akwai kalmar da kowa ke faɗi: "maganin nan ya karɓe ni". Ba ita ce ta biyun ba?

Ɗan Famasi:
A'a Malama, wannan ta uku ce, kuma ta fi sauran daɗi. Tasiri shi ne iyakar abin da magani zai iya yi komai yawan da aka sha. Ibufurofen in ya kai wani mizani, ƙari ba ya ƙara kashe raɗaɗi sosai, sai dai ya ƙara wa ciki da ƙoda wahala. Farasitamol kuma babba ba ya wuce giram 4 a yini, saboda hanta. Karɓa ita ce tsakanin magani da jikin mutum ɗaya. Kodin sai hanta ta juya shi ya koma mofin kafin ya yi aiki, kuma akwai mutanen da hantarsu ba ta iya wannan juyin. Su kodin bai karɓe su ba, ko sun sha kamar ba su sha ba.

Mai Shirin Lafiya:
To ga wata sabuwa. Na koma kan hirar, likitar ta kawo tsanin magunguna mai hawa uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986 don raɗaɗin ciwon daji. Hawa na biyu su kodin, na uku su mofin, kuma da Turancin ma "marasa ƙarfi" da "masu ƙarfi" aka kira su. Nan me zan yi?

Ɗan Famasi:
Nan kam ba yadda za a yi, ki bar ƙarfin. Amma ki biyo shi da bayani nan take.

Baba Mai Ƙamus:
Ato. Ashe masu Turancin ma a ruɗe suke, mu ake wa gori.

Mai Shirin Lafiya:
Ga abin da na rubuta: kaifi ga na farko, karɓa inda ake maganar jikin mutum, ƙarfi a wajen tsanin kawai. Na biyun zan ce tasiri sau ɗaya, sauran wuraren "iyakar aikin magani". Baba, zan sa jimlar "kaɗan ya isa" a bayanin fentanil, amma a matsayin jimla, ba suna ba.

Baba Mai Ƙamus:
Ban yarda da tasiri ba, a rubuta cewa ban yarda ba. Ƙarfe nawa za a sa shirin?