Zaman wasan labari a zangunan Accra: yaya kuka fara naku?

Salamu alaikum 'yan'uwa. A Nima nake. Wata uku ke nan ina son haɗa mutum biyar mu riƙa buga Dungeons & Dragons, wasan nan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa da jaruminsa, sai a jefa dayis, ɗan abin nan mai lambobi a fuskokinsa, a ga ko abin da ka ƙudurta ya yiwu. Na samu mutum biyu, wurin zama ne ya gagara. Ku da kuka riga ni, ku taimaka.

Daga Mamobi:
Ɗan'uwa, kafin wuri, nemi yardar manya. Mu a zauren gidanmu muka fara. Ranar farko Baba ya dawo daga sallar La'asar ya tarar da samari shida sun kewaye tabarma, ga dayis na gangarawa, ga takardu cike da lambobi. Bai ce uffan ba sai da aka watse, sannan ya kira ni: "Caca ka kawo mini gida?" Laifina ne, ban sanar da shi ba. Washegari na durƙusa na yi masa bayani cewa ko sisi ba a sawa, tatsuniya ce da kowa ke da bakin magana a cikinta. Na miƙa masa dayis mai fuska 20, ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Sharaɗi biyu ya kafa: a tashi da kiran salla, kuma kada kuɗi ya taɓa shiga. Har yau a kansu muke.

Daga Madina:
Mu mata huɗu ne da ƙanena. Bokaye da tsafin da ke cikin littafin wasan ne suka hana biyu daga cikinmu sakin jiki, sai muka ajiye su gaba ɗaya. Muka mai da labarin ayarin fatake da ya taso daga Kano zuwa Salaga, a arewacin Ghana, sayen goro, da jakuna, da ƙetare Kwara, da 'yan fashi a hanya. Mai jan labarin ma madugu muke ce masa. Abin da ya fi faranta mini rai, kakarmu kan jawo kujerarta kusa tana gyara mana: "Ba haka ake ɗaure goro ba, sai da ganye, a yayyafa ruwa."

Daga Sabon Zango:
Kada ka jira kaya. Ƙa'idojin farawa na bugu na biyar na wasan, na 2014, kyauta suke a intanet. Shagon fotokwafi na kai aka buga mini. Dayis kuma akwai manhajarsa a waya. Amma kada 'yan wasa su wuce biyar. Ranar da muka kai tara, kowa ya gaji da jiran layinsa.

Daga Ashaiman:
Jiran trotro, motar haya, ne ya kashe zamanmu na farko, wanda zai zo ƙarfe biyu sai huɗu. Nemi 'yan unguwarku da za su iya takowa. Lahadi bayan Azahar ta fi mana.

Daga Nima:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Yau da dare zan fara da Hajiyarmu, tunda barandarta nake hange. 'Yar'uwa ta Madina, ko za ki turo mini taswirar hanyar ayarinku?