Wace kalma ta dace da genotoxicity a Hausa?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Duk mai son yi wa masuntan madatsun ruwan Zobe, Ajiwa ko Jibiya a Jihar Katsina bayanin abin da maganin feshin gonakin rani ke yi wa tarwada da karfasa idan ya gangara ruwa, zai yi tuntuɓe da kalmar genotoxicity, kuma ban gamsu da yadda ake fassara ta ba.

Masunta sun san gubar da ke kashe kifi nan take, irin Gamalin da wasu ke zubawa kifi ya taso, wanda sinadarin cikinsa, lindane, ya shiga jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, ta haramta a 2009. Abin da kalmar nan ke nufi daban ne. Kifin yana nan da ransa, hantarsa tana ta fama da sinadarin, amma a can ciki an kakkarya DNA ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan halittar da ake gada. Da yake jajayen ƙwayoyin jinin kifi suna da cibiya, wato ɗan ƙullin tsakiya da DNA ke ciki, saɓanin namu, masana kan ɗiga jinin su duba da madubin likita, su ga ɗan gutsuren da ya ɓalle ya zauna gefen cibiyar, wanda shi ne shaidar ɓarnar.

Wasu na cewa "gubar ƙwayar halitta". Matsalarta ita ce mun riga mun ɗora wa "ƙwayar halitta" kaya biyu, da cell (ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka gina jiki) da gene (guntun DNA mai ɗauke da siffar da ake gada), don haka mai sauraro ba zai san wanne aka lahanta ba. Wani malami daga Daura ya kawo "gubar gado", wadda ta fi daɗin faɗa, sai dai tana nuna kamar gubar ce ake gada, alhali ɓarnar ba ta kaiwa ga 'ya'ya sai ta taɓa ƙwai ko maniyyi. A rubuce ma, wani zai ɗauka gadon kwana ake nufi.

Ni dai na tsaya a kan "guba mai ɓata ƙwayar gado" ga sinadarin, da "ɓacin ƙwayar gado" ga illar. Tana da tsawo, amma gwajin sikila kafin aure ya riga ya sanar da mutanenmu cewa akwai abin da ake gada a jini. Masu koyar da kiwon kifi a Dutsin-Ma, ku gwada ta a aji ku faɗa mana yadda ɗalibai suka karɓe ta.