Waɗanne tsofaffin katun na doke-doke ne suka fi dacewa a fara da su?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Wanda ke son fahimtar barkwancin faɗuwa da buge-buge na tsofaffin katun, da wanne zai fara?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. A fara da Tom and Jerry na Hanna da Barbera, guda 114 da suka yi wa kamfanin fim na MGM daga 1940 zuwa 1958. Bakwai daga ciki sun ci kyautar fim ta Oscar. Ki nemi Mouse Trouble na 1944 da The Cat Concerto, wanda Tom ke kaɗa fiyano Jerry na cikinta yana hana shi sakat. Guda 13 da Gene Deitch ya yi a Prague a 1961 da 1962 kuwa a bar su sai daga baya, kuɗin aikin bai kai ba, motsin ya bushe, sautin ma kamar daga cikin rijiya.

Mai Zane: Gaskiya ne Malam. Amma a lura, ba kaskon da aka kwaɗa wa Tom ne ke sa dariya ba, lokacin ne. Fim na tafiya da hoto 24 a sakan ɗaya, yawancin motsi kuma zane 12 ne, kowanne ya zauna hoto biyu. Duka ɗaya kashi uku gare shi: ɗaga hannu a ja baya, saukar dukan cikin hoto biyu ko uku, sai a tsayar da fuskar Tom ta ɗauki siffar kaskon. Wannan tsayuwar ita ce wurin dariya. In aka gajarta ta ido bai kama ba, in aka ja ta da yawa abin ya huce.

Ɗan Autan Zaure: Na ƙara da Road Runner na Chuck Jones, farkonsa Fast and Furry-ous, 1949. Duba yadda Coyote, karen dajin da ke farautar tsuntsun Road Runner, ke faɗowa daga dutse: ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace, shiru na ɗan lokaci, sannan ƙura ta tashi can ƙasa da ƙaramin sauti. Shirun nan shi ne komai.

Mai Zane: Sai Bad Luck Blackie na Tex Avery, shi ma 1949. Wasa ɗaya ne tak, baƙar kyanwa ta gifta, abu ya faɗo wa kare a ka, amma kowane karo abin da ke faɗowa ya fi na baya girma.

Uwar Biyu: Na gode. Akwai abin kiyayewa wajen neman su?

Baban Khalifa: Akwai Hajiya. Yawancinsu 4:3 aka zana su, wato siffar allon tsohuwar talabijin, wanda aka yanke don ya cika allo yana cinye saman hoton, ba za a ga guduma tana saukowa ba sai ta iso. Waɗanda aka ɗauko daga talabijin na PAL, tsarin da aka sani a Turai da Najeriya, suna gudu da hoto 25 a sakan maimakon 24, sun ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin 100. Masu ɗorawa a YouTube kuma wasu na juya hoton ko sauya sauti, kiɗan Scott Bradley, mawaƙin da ya tsara kiɗan Tom and Jerry, ya daina faɗuwa daidai kan dukan. Sannan a fara kallo kafin a kunna wa yara, wasu na shekarun 1940 akwai zanen da ke muzanta baƙar fata.