Mahudin ƙanƙara da na haɗa yana fizge min hannu, a taimaka da shawara

Salam 'yan uwa, musamman na Minnesota da Kanada da suka saba kamun kifi a kan tafki in ya daskare. Abin nan ya ishe ni wallahi.

Mahudin da ake sayarwa mai fetur ya yi nauyi ga tsada, sai na ɗauki na hannu mai inci 6, na cire mariƙinsa, mai walda ya yi min ɗan guntun ƙarfe na haɗa shi da injin huda mai batir, volt 18. Na sa faifai a sama mai faɗi fiye da ramin, don ko ya kwance kar ya faɗa ruwa. Bai da nauyi ko kaɗan, kuma a kan ƙanƙara mai inci 8 yana shiga lafiya lau.

Matsalar ita ce da ƙanƙarar ta yi kauri a tafkin Mille Lacs na Minnesota, ta kusa ƙafa 2, in ya kusa ɓullawa ƙasa sai wuƙar bakin mahudin ta cije injin ya juya da ƙarfi ya murɗe min wuyan hannu, har yanzu ciwo yake, ga bakin injin yana sakin ƙarfen duk yadda na ɗaure. A giya ta ɗaya nake sa shi, mai tafiya a hankali. Batir kuma rami 5 ya mutu saboda sanyi, ko da a cikin riga nake ɓoye shi.

To wuƙar ce ta dakushe ko injin ne ya yi ƙarami? Wanda ya taɓa yi masa mariƙi na hannu biyu, da wane ƙarfe ka yi, kuma ina ka ɗaure shi?